DOKA DA JAMA'A: Mai Bindiga A Gaban Ɗan Sanda

Duk wanda ya san unguwar Jiddari Polo, wadda ke kudancin birnin Maiduguri daura da Barikin Giwa, ya san ba abin mamaki ba ne a can a ga mutum cikin kayan gida yana rataye da bindiga. Akwai maharba da bindigoginsu na toka, akwai samarin nan 'yan sa kai da a ke kira 'yan ƙato da gora, waɗanda gorar da yawa daga cikinsu ta daɗe da rikiɗa ta zama bindiga, akwai kuma 'yan banga masu raka manoma gonakin bayan gari. Mutanen unguwar ba don ƙawa suka saba da wannan ba. Ran 14 ga watan Maris 2014 mayaƙan Boko Haram suka faɗa wa Barikin Giwa, faɗan kuwa a ƙofar gidajen mutanen unguwar aka yi shi. Cikin watan Yuni 2017 an sake shigowa gari ta wannan gefen, haka kuma ran 26 ga watan Afrilu 2018. Wanda ya kwana yana jin ƙarar harsashi bisa rufin ɗakinsa, in gari ya waye ya ga ɗan maƙwabcinsa da bindiga yana gadin bakin layi, addu'a zai yi masa.

Amma fa sabo daban, doka daban. Tambayar da wannan fili zai duba a makon nan ita ce: idan ɗan sanda ya tsai da mutum mai ɗauke da bindiga a fili, ko a Jiddari Polo ko a kan hanyar Damboa ko a wata jiha can nesa, me doka ta ba ɗan sandan ikon yi, me kuma ta bar wa mai bindigar na haƙƙi?

Abin da ya sa maganar ta fi ƙarfin wasa

Mutanen Maiduguri sun fi kowa sanin abin da tsayarwar bakin hanya kan haifa in ta ɓaci. Ran 11 ga watan Yuni 2009 jami'an rundunar haɗin gwiwa ta Operation Flush suka tare mabiyan Muhammad Yusuf suna kan babura za su jana'iza, gardama ta tashi a kan hular kwano, aka buɗe wuta, rahotanni suka ce mutum 17 ne suka ji rauni. Ba mai cewa wannan kaɗai ya haifi fitinar, domin wutar ta daɗe tana ci ƙarƙashin toka, amma kafin ƙarshen watan Yuli gari ya kama da yaƙi, aka kashe ɗaruruwan mutane, shi kansa Yusuf ya mutu a hannun 'yan sanda ran 30 ga wata. Wannan tsayarwa ce a kan hula. To, ina ga wadda a ke yi da bindiga a hannun kowane ɓangare?

Misali na biyu bai daɗe ba. Ƙarshen watan Maris 2025 'yan banga a garin Uromi na Jihar Edo suka tare wata babbar mota ɗauke da mafarauta 'yan Jihar Kano, sun taso daga Jihar Ribas za su gida Ƙaramar Salla. Da aka ga bindigogin toka cikin kayansu sai aka yi musu kururuwar masu satar mutane, jama'a suka taru, aka kashe mutum 16 ba tare da an kai ko ɗaya gaban alƙali ba. Wannan ya nuna rashin sanin doka yana cin rai ta fuska biyu, watau ta wajen mai ɗauke da makami, da ta wajen mai tare shi.

Asalin dokar

Bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasar Barno. Tun ƙarni na 16 Mai Idris Alooma ya samo bindigogi tare da Turkawa masu koyar da harbi, kamar yadda limaminsa Ahmad ibn Furtuwa ya rubuta. Da ƙarfin bindigogin zamani ne kuma Rabe ya ci Kukawa cikin 1893, ya riƙe ƙasar har Faransawa suka kashe shi a Kusuri cikin 1900. Turawan mulkin mallaka sun san da wannan sarai, shi ya sa tun a yarjejeniyar Birasals ta 1890 suka amince a tsakaninsu a hana mutanen wannan yanki na Afirka bindigogin zamani, a bar musu na ɗura albarushi ta baki. Daga wannan tunani ne dokar da ke aiki a Nijeriya ta samo siffarta, watau Dokar Bindigogi ta 1959, wadda aka yi shekara guda kafin samun 'yancin kai, har ila yau kuwa ita ce ginshiƙi.

Dokar ta kasa bindigogi kashi uku. Kashi na farko su ne haramtattu, kamar igwa da roka da gurneti da bindiga mai jigida da bindigogin yaƙi irin su AK-47, har da libarba da ƙaramar bindigar aljihu kowace iri. Waɗannan ba mai ba da lasinsu sai Shugaban Ƙasa, wanda kuwa aka kama da ɗaya ba lasin, ɗaurinsa ba ya kasa shekara 10. Kashi na biyu su ne na amfanin kai, kamar bindigar harbin tsuntsu mai baki ɗaya ko mai baki biyu, da rafil ɗin farauta, da bindigar iska. Lasinsu a hannun Sufeto-Janar na 'Yan Sanda ya ke, ɗaurin riƙe su ba lasin kuwa yana kai shekara 5. Kashi na uku su ne na ɗura albarushi ta baki, watau bindigar toka da danginta. A kan waɗannan doka ta ba Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha iko, da yardar Gwamna, ya fito da umurnin hana riƙe su sai da lasin.

Akwai wani abu a nan da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Bindigar harbin tsuntsu irin wadda a ke jan hannunta baya da gaba ta ɗura wa kanta harsashi, wadda ta yi yawa a hannun 'yan banga ko'ina cikin ƙasar nan, dokar ta cire ta daga kashi na biyu. Duk bindigar da ba ta cikin kashi na biyu ko na uku kuwa, kashi na farko ta faɗa. Cikin 2018, sa'ad da Sufeto-Janar Ibrahim Idris ya ba da umurnin tattara haramtattun makamai, har da irin wannan bindiga aka lissafa. Ban da haka, akwai dokar soja ta 1984 a kan fashi da makami, wadda ita ma ta yanka wa mai riƙe bindiga ba bisa ƙa'ida ba tarar Naira 20,000 ko ɗaurin da bai kasa shekara 10 ba, ko duka biyun.

Lasin kansa ba haƙƙi ba ne da mutum zai tsaya ya ce tilas a ba shi. Dokar ta faɗi haka a fili, ta kuma hana ba da shi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta taɓa kamawa da laifin tashin hankali cikin shekara 5 da suka wuce. Wanda ya samu kuma an ɗora masa nauyin adana bindigar, in ta ɓata ko an sace sai ya kai rahoto.

Nijeriya ba Amurka ba ce

Samari da yawa sun ga hotuna masu motsi a wayoyinsu, inda Ba'amurke ke yawo da bindiga a ƙugu, ɗan sanda ya tsai da shi, shi kuwa ya ƙi faɗin ko da sunansa, yana cewa bai karya wata doka ba. Kada wannan ya ruɗi kowa. A Amurka riƙe makami haƙƙi ne da aka rubuta cikin tsarin mulkinsu tun 1791, Kotun Ƙoli ta ƙasar kuma ta tabbatar cikin 2008 cewa haƙƙin na kowane mutum ne, sa'an nan cikin 2022 ta ce ya haɗa har da fita da bindiga waje. Tun 1968 kotun ta ce ɗan sanda ba zai tsai da mutum ya lalube shi ba sai da zato mai dalili. Saboda haka ne waɗansu kotunan ɗaukaka ƙara na can suka yanke, cikin 2013 da 2015, cewa a jihar da ta halatta yawo da bindiga a fili, ganin bindigar kawai bai isa dalilin tsare mutum ba.

A Nijeriya maganar a kife ta ke. Tsarin mulki na 1999 bai ba kowa haƙƙin riƙe bindiga ba. Asali haramun ce, lasin ne ke halatta ta. Dokar 1959 kuma ta wajabta wa mai lasin ya nuna takardarsa, har da bindigar da harsashinta, duk sa'ad da ɗan sanda ya nema, ko da ya ke ta ce a ba shi lokaci daidai gwargwado ya kawo. Ashe ke nan ɗan sandan da ya ga bindiga a kafaɗar mutum ya tsai da shi ya ce ina takarda, bai ƙetare iyaka ba, aikinsa ya yi. Mai bindigar da ya ƙi tsayawa yana kwaikwayon Ba'amurke ya ɗauko wa kansa dala ba gammo.

Ko a Amurkan ma takarda ba sulke ba ce. Cikin watan Yuli 2016 ɗan sanda ya tsai da wani baƙar fata mai suna Philando Castile a Jihar Minesota. Mutumin yana da lasin, shi da kansa ya gaya wa ɗan sandan akwai bindiga a jikinsa, amma cikin 'yan daƙiƙu aka harbe shi har lahira, kotu kuma ta wanke ɗan sandan cikin 2017. Mai gaskiya ma yana bukatar dabara a irin wannan wuri.

Iyakar ikon ɗan sanda

Da ya ke ɗan sanda na da ikon tsayarwa, wannan bai ba shi damar yin abin da ya ga dama ba. Cikin watan Satumba 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar Dokar 'Yan Sanda, wadda ta maye gurbin tsohuwa ta 1943, ta kuma shimfiɗa ƙa'idodin tsayarwa da bincike dalla-dalla. Sashe na 49 ya ce sai da zato mai dalili. Sashe na 50 ya ce kafin ɗan sanda ya taɓa mutum tilas ya kasance cikin kayan sarki ko yana maƙale da katin shaidarsa inda za a gani, ya faɗi sunansa da ofishin da ya fito, ya faɗi abin da ya ke nema da dalilin nemansa. Bincike a bainar jama'a bai wuce tufafin waje ba, mace kuma mace ce ke lalube ta. Sashe na 54 ya ce launin fata, da shekaru, da irin aski, da irin sutura, da abin da a ke ɗauka cewa wai mutanen wata ƙabila ko wani rukuni sun fi aikata laifi, duk ba dalili ba ne. Watau gemu ko ɗangalallen wando ko rigar layu ta maharbi ba su isa a ce an zargi mutum ba.

Idan mai bindiga ya nuna lasin mai kyau, lambar da ke jikin takarda ta yi daidai da ta jikin bindiga, babu kuma wani zargi na dabam, to magana ta ƙare, sai a sallame shi da kayansa. Doka ba ta san wani kuɗin goro ba a nan. Idan kuwa babu takarda, ko wa'adinta ya wuce, ko bindigar ba irin wadda aka rubuta ba ce, ɗan sanda na da ikon kama shi ya riƙe makamin ya zama shaida.

Amma kamun ba ya tuɓe wa mutum rigarsa ta ɗan ƙasa. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ba shi damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani wanda ya zaɓa. Tilas a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da ya ke ji, ko Kanuri ne ko Hausa ko Larabcin Shuwa. Tilas a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotun da ta dace cikin tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu, sai fa in laifin na hukuncin kisa ne, wanda ke da nasa tsari. Sashe na 36 na Dokar 'Yan Sanda ya haramta kama uba ko mata ko ƙane a madadin wanda a ke nema. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da ke kai shekara 25 ga jami'in da ya gana wa wanda ke hannunsa azaba. Beli a caji ofis kyauta ne. Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba kuwa, tsarin mulki ya ce a biya shi diyya a kuma nemi gafararsa a fili, Babbar Kotu ce wurin neman wannan.

Waɗansu na zaton waɗannan haƙƙoƙi ba su aiki a Barno saboda halin yaƙi. Dokar ta-ɓacin da Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa a jihohin Barno da Yobe da Adamawa ran 14 ga watan Mayu 2013 ta ƙare tun watan Nuwamba 2014, ba a kuwa sabunta ta ba. Sojan da ke shinge yana taimakon hukumar farar hula ne, tsarin mulkin da ya ɗaure ɗan sanda shi ma ya ɗaure shi.

Maganar harbi

Mafi nauyi duka ita ce maganar rai. Sashe na 33 na tsarin mulki bai yarda a kashe mutum ba sai inda ya zama tilas kuma doka ta halatta, kamar wajen kare wani daga farmaki, ko wajen kamu na halal, ko kwantar da tawaye. Ƙa'idar 'yan sanda mai lamba 237, wadda aka daɗe ana kukan ta sakar wa jami'ai hannu, an gyara ta cikin 2019, aka tsananta sharaɗin harbi ya koma ga inda rai ke cikin haɗari nan take. Bindigar da ke rataye a bayan mutum, hannuwansa a fili, ba ta kai wannan matsayi ba.

Gaskiya ne cikin watan Maris 2021 fadar Shugaban Ƙasa ta sanar da umurnin a harbe duk wanda aka gani da AK-47 cikin daji. Wannan magana an yi ta ne a kan 'yan bindigar dazuzzuka, ba ta shafi maharbi mai bindigar toka a bakin kasuwa ba, sanarwa kuma ba ta soke sashen tsarin mulki. Duk da haka mai hankali ya san shari'ar da a ke ci bayan an binne mutum ba ta tashinsa. Jami'in da ya shekara yana tsaye a shingen Maiduguri, ya ga abokan aikinsa sun mutu a hannun wanda ya taho kamar mai wucewa, ba za a ce ya daina fargaba ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Giɓin da ya shafi 'yan sa kai

A nan ne matsalar Jiddari Polo da sauran unguwannin Maiduguri ta ke. Cikin 2013 samarin gari suka tashi da gora da adda suka shiga zaƙulo 'yan Boko Haram gida gida, abin da soja suka kasa domin ba su san fuskoki ba. Gwamnatin Kashim Shettima ta horar da waɗansunsu, ta yanka musu alawus na Naira 15,000 a wata, daga baya aka ɗauki waɗansu aikin soja. Cikin watan Mayu 2014 ɗaruruwan maharba suka taru a Maiduguri suna neman iznin shiga dajin Sambisa neman 'yan matan Chibok. Da yawa daga cikin waɗannan mutane sun rasa rayukansu wajen kare garin. Bayan yankan manoman Zabarmari ran 28 ga watan Nuwamba 2020, inda aka binne mutum 43 rana ɗaya, ba mai musun cewa manomi na bukatar mai tsaronsa.

Sai dai dokar 1959 ba ta san su ba. Ta keɓe soja da 'yan sanda a kan makaman da hukuma ta ba su don aiki, jami'an Sibil Difens ma sai da Majalisar Tarayya ta gyara dokarsu cikin 2007 kafin su sami ikon ɗaukar bindiga. Maganar makamai tana cikin jerin abubuwan da Gwamnatin Tarayya kaɗai ke yi wa doka, sashe na 214 na tsarin mulki kuma bai yarda da wata rundunar 'yan sanda ba ban da ta tarayya. Cikin watan Yuni 2022 Gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta ce jama'a su nemi bindiga su kare kansu, nan da nan Babban Hafsan Tsaro Janar Lucky Irabor ya amsa cewa Gwamna ba shi da ikon sa a ba da lasin. Cikin watan Agusta 2023 kuma Sufeto-Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da lasin ƙananan makamai a ƙasa baki ɗaya.

Sakamakon wannan shi ne saurayin da ke gadin unguwarsa da bindigar da ba ta da lasin, alfarmar kwamandan da ya san shi ce kaɗai ke riƙe da shi. Ran da aka yi wa kwamandan canji, ko shi ya ƙetare zuwa wata jiha, ko ya saɓa da wani babba, ɗaurin shekara 10 na jiransa. Katin ƙungiyar maharba ko na 'yan banga ba lasin ba ne, komai kyan hatiminsa. Takardar da aka samu bisa umurnin wata jiha kuma, kada a ɗauka za a karɓe ta hannu biyu a wata.

Giɓin yana cutar jama'a ta ɗaya gefen ma. Bindigar da ba a rubuta ba, ba a san hannun da za ta koma gobe ba. Ƙungiyar Amnesty International ta ba da rahoton cewa ranar harin Barikin Giwa an kashe fiye da mutum 600, yawancinsu tsararrun da suka tsere ne aka sake kamawa, ta kuma ambaci Jiddari Polo cikin wuraren da 'yan sa kai suka tattara mutane suka miƙa wa soja. Hukumomin soja sun musa, amma maganar tana nan a rubuce. Sai cikin watan Satumba 2017 shugabannin 'yan ƙato da gora suka sa hannu da Majalisar Ɗinkin Duniya a kan daina sa yara cikin aikinsu, aka sallami yara 833 cikin 2018, da waɗansu 894 cikin 2019. Mai ƙaunar waɗannan samari shi ne zai so a sa su cikin tsari, domin tsarin kariya ne gare su da maƙwabtansu.

Ya kamata kuma 'yan banga na ko'ina su san iyakarsu. Doka ta yarda mutumin gari ya kama wanda ya aikata laifi a gabansa, amma da sharaɗin ya miƙa shi ga 'yan sanda ba da ɓata lokaci ba. Ba ta ba shi ikon tuhuma ko duka ko hukunci ba. Da 'yan bangar Uromi sun bi wannan, da caji ofis maganar ta tsaya.

Abin yi

Mai bindiga, in an tsai da shi, ya tsaya nan take, ya bar bindigar inda ta ke, kada ya kai mata hannu ko da niyyar miƙa ta ne, sai an umurce shi. Ya yi sallama, ya faɗi cewa yana ɗauke da makami, ya faɗi ko a ɗure ta ke, ya faɗi aljihun da takarda ta ke kafin ya sa hannu. In dare ne ya tsaya inda haske ya ke. In zai yi tafiya mai nisa ya sauke harsashi ya naɗe bindigar, ya gaya wa direba, ya kuma fara sanar da jami'an shinge kafin su gano da kansu. Kada ya shiga taron siyasa ko jerin gwano ko rumfar zaɓe da ita, domin lasin bai halatta wannan ba. Idan za a karɓe ta ya roƙi a rubuta lambarta a ba shi shaida. In an zalunce shi ya haɗiye fushi, ya riƙe sunan jami'in da lambarsa da wurin da lokacin, ya kai kuka ga D.P.O. ko Kwamishina, ko sashen karɓar koke na 'yan sanda, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ko Hukumar Ba Da Taimakon Lauya. Bakin hanya ba kotu ba ne.

Ɗan sanda shi ma ya tuna faɗin suna da dalili ba ya rage masa girma, wajibi ne da doka ta ɗora masa, yakan kuma sanyaya zuciyar wanda aka tsayar. Inda bulama da lawani suka san maharban unguwarsu, D.P.O. kuma ya san bulama, rabin fitinar ta mutu tun ba a kai shinge ba.

Babban nauyin yana wuyan Majalisar Tarayya. Tun 2021 aka kafa cibiyar taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai a ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro, cikin 2024 kuma aka yi mata doka, amma matsayin mutumin da hukuma ta kira ya taimake ta da bindiga yana bukatar bayani a rubuce. A yi rajistar kowane ɗan sa kai da lambar bindigarsa, a faɗi wanda ke ba shi umurni, da iyakar inda zai ɗauke ta, da ma'ajiyar da zai mayar da ita in ya tashi aiki, da ranar da za a karɓe ta in zaman lafiya ya tabbata. A kuma yi wa mafarauta takarda guda wadda ɗan sandan Maiduguri da na Binin za su karanta su gane. Dokar da aka tsara cikin 1959 don mai harbin zabi ba za ta iya ɗaukar kayan mutanen da suka shekara fiye da goma suna gadin gari ba.

Allah ya zaunar da Barno da Nijeriya lafiya, ya kawo ranar da za a rataye bindigogin nan a ɗaka, amin.